An ƙi takardar kafilina a Ostireliya: mu ɗaukaka ƙara ko a sake sabon lale?

Baban Amira, Perth:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta ku ba na cewa uffan, yau ga ni da tawa. Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan ina aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Perth, muna gyaran manyan famfuna da injinan da ake kaiwa wuraren haƙar ma'adinai can Pilbara. Mu goma sha huɗu ne gaba ɗaya, har da matar maigidan da ke riƙe da lissafi. Bizar da nake kai 485 ce, wadda ake ba wanda ya gama karatu, saura mata sati goma cif. Maigidan ya yarda ya tsaya min a kan 482, bizar aiki da kamfani ke nema wa ma'aikacinsa baƙo. An shigar da takardar gabatar da ni, wato nomineshan, ni ma na shigar da neman biza tare da iyalina da 'yarmu. Sama da dala dubu bakwai na zuba.

Shekaranjiya muna cin abincin rana ya kira ni ofis, ya tura ƙofa, ya ce Ma'aikatar Cikin Gida ta ƙi nomineshan ɗin. Na ce saboda me? Ya ce matsalar takardu ce, ejan shige da ficen da ke mana takardun zai duba. Jiya kuma ejan ɗin ya turo min tawa wasiƙar: tunda babu nomineshan da aka amince da shi, an ba ni kwana 28 in yi bayani ko in janye neman bizar. Tun jiya uwar Amira ba ta sa komai a bakinta ba. Don Allah wanda ya san kan abin nan, yaya ake ɗaukaka ƙara, kuma nawa ne?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Jama'a a taimaka, amma wanda bai taɓa shiga irin wannan ba ya yi addu'a kawai, kada a cika masa kai da ji-ta-ji-ta. Baban Amira, kada ka ɗora hoton wasiƙar a nan, akwai lambar fasfonka a jiki.

Ɗan Maraɗi, Jidda:
Ashe har Turawa ma suna da kafili! Mu nan mun ɗauka mu kaɗai ke wannan rayuwar. Allah ya warware, ɗan'uwa.

Maman Sadik, Melbon:
Ƙanena, kwantar da hankalinka, ka ce wa maiɗakinka ta ci abinci. Ni da kake gani na bi ta wannan hanyar kuma na fita. Nomineshan ɗina na 186, bizar zama na dindindin ta hannun kamfani, aka ƙi a 2021, suka ce wurin da nake aikin jinya bai nuna yana da ƙarfin biyan albashina na shekara biyu ba. Muka tafi kotun duba hukunci, lokacin sunanta AAT. Tun 14 ga Oktoban 2024 aka rushe ta aka kafa ART a madadinta, amma aikin ɗaya ne: ba ma'aikatar ce ke sake duba kanta ba, wani ne daban zai ɗauki fayil ɗin tun daga farko, kuma yana karɓar sababbin hujjoji. Mu muka kai lissafin kuɗin shekaru biyu da suka biyo baya, da takardun biyan albashina wata-wata. Zaman bai kai awa biyu ba. Aka soke hukuncin ma'aikatar.

Ka ɗaukaka ƙara. Kada ka yarda a ce ka janye.

Likita, Kwinslan:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, labarinki gaskiya ne amma bari in ɗan ja birki. Baban Amira, kafin maganar nawa ne, amsa min abu biyu.

Na farko, buɗe wasiƙar ka duba kwanan watan da ke samanta. Ba ranar da ejan ya turo maka ba, ranar da ma'aikatar ta aika.

Na biyu, ka ga takardar dalilan hukuncin da idonka? Duk hukuncin ƙi yana zuwa da takarda daban mai bayanin sashen dokar da aka ce ba a cika ba. "Matsalar takardu" ba dalili ba ne, magana ce ta wanda ba ya son ya yi bayani.

Baban Amira, Perth:
Innalillahi. Likita, na duba. Kwanan watan na kwana goma sha ɗaya da suka wuce ne. Yaya aka yi haka?

Likita, Kwinslan:
Abin da na ji tsoro ke nan. Idan ka naɗa ejan ya zama mai karɓar saƙonninka, duk abin da ma'aikatar ta aika masa, a doka kai ta aika wa. Saƙon imel kuwa ana ƙirga cewa an karɓe shi a ƙarshen ranar da aka tura, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Wa'adin kai ƙara ART kwana 28 ne, kuma a shari'o'in biza kotun ba ta da ikon ƙara ko da yini ɗaya. Ko asibiti aka kwantar da kai, ko ejan ne ya yi barci, babu ruwanta. In dai rana ɗaya aka aiko wasiƙun biyu, kwana goma sha bakwai suka rage muku, ba ashirin da bakwai ba.

Sannan ga abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada: wannan ƙarar ba taka ba ce. Kamfanin ne ya nemi nomineshan, shi aka ƙi, shi kaɗai ke da ikon kai ƙara. Kai ko ka je da kuɗin a hannu ba za a karɓa da sunanka ba. Naka ikon yana kan bizarka ne, ita kuma ba a riga an ƙi ta ba. Kuma ka lura da wannan sosai: idan aka ƙi bizar taka alhali kamfanin bai shigar da ƙarar nomineshan ba, kai ma ka rasa damar kai taka. Dole tasu ta riga ta shiga, tana jiran hukunci, a ranar da aka ƙi taka.

Kuɗin kuwa, a ranar 1 ga Yulin 2025 an sa shi dala 3,580 kowace ƙara. Ƙara biyu ce, ta kamfani da taka, ka ninka. In an yi nasara ana mayar da rabi.

Maman Sadik, Melbon:
Wannan haka yake, mu ma biyu muka shigar. Lokacinmu ma kwana 21 ne. Na manta ban faɗa ba.

Sarkin Gardama, Sidni:
Ni fa ban ga abin dogon Turanci a nan ba. Maigida ya riga ya yi asara, shi ya sa yake noƙewa. Ka same shi ku biyu, ka ce duk abin da za a sake kashewa kai za ka biya, ko a riƙa cira daga albashinka kaɗan-kaɗan. Kowa haka yake yi, ba a dai faɗa ne.

Injiniya, Kalgoorlie:
Sarki, ka goge wannan maganar. Shekara goma sha shida nake ƙasar nan, na ga waɗanda wannan shawarar ta kai filin jirgi. Tun Disambar 2015 doka ta haramta a ba da wani abu ko a karɓa don a tsaya wa mutum a kan biza, kuma ba mai karɓa kaɗai take kamawa ba, har mai bayarwa, har wanda ya yi tayi. Ana iya soke bizar mutum a kan haka. Ban da wannan ma, cikin sharuɗɗan da kamfani ya sa wa hannu akwai cewa ba zai ɗora wa ma'aikaci kuɗin nomineshan ba, ko harajin horar da 'yan ƙasa da ake kira SAF, ko kuɗin ejan na ɓangaren kamfanin. Kuɗin bizarsa shi da iyalinsa ne kawai ma'aikaci zai iya biya ba tare da matsala ba. Cirewa daga albashi kuwa ita ce mafi muni, don da hannunka ka rubuta hujja a kanka wata-wata.

Sarkin Gardama, Sidni:
To Yaya, na ji. Amma ku faɗi gaskiya, maigidan nan nawa ya yi asara?

Injiniya, Kalgoorlie:
Kamfanin da cinikinsa bai kai dala miliyan goma a shekara ba yana biyan harajin SAF dala 1,200 kan kowace shekarar biza. In shekara huɗu suka nema, 4,800 ke nan, a dunƙule tun ranar shigarwa, kuma ƙin nomineshan ba ya sa a mayar da shi. Ga 330 na nomineshan, ga na ejan. Ba ƙaramin abu ba ne ga kamfanin mutum goma sha huɗu, ban musa ba. Amma ka tambayi kanka nawa zai kashe kafin ya samu wani ya koya masa famfunan nan daga farko. A nan yankin namu mai iya wannan aikin ba a tsince shi a bakin titi.

Malam, Manchesta:
Ku dai ku gode wa Allah kuna da kotun da za ta saurare ku. Mu nan Ingila in aka ƙi bizar ƙwararren ma'aikaci babu ɗaukaka ƙara, sai dai ka biya fam 80 ma'aikatar ta sake duba ko jami'inta ya yi kuskure, cikin kwana 14 in kana cikin ƙasa, 28 in kana waje. Kamfani kuma in aka hana shi lasisin ɗaukar baƙi, shi ma babu ƙara, yawanci sai ya jira wata shida ya sake nema. Da ni ne ke da irin damarku ba zan bar ta ta wuce ba.

Likita, Kwinslan:
Malam, dama ce, amma ba kowace ƙofa da ke buɗe ake shiga ba. Har yanzu ba mu san me aka ƙi a kai ba. Baban Amira, gobe kafin ka sa kayan aiki ka nemi takardar nan.

Baban Amira, Perth:
Jama'a barkanku da yamma. Na samo ta, amma da ƙyar. Ejan ya ce takardar kamfani ce ba zai ba ni ba sai da izinin maigida. Maigida ya fita wurin aiki. Matarsa ce ta tausaya min, ta buga min a firinta ta miƙo min tana cewa ita ma ba ta gane abin da ke ciki ba. Shafi biyar. A mota na zauna na karanta sau uku.

Ba su ce aikin na bogi ba ne. Ba su ce albashin ya yi kaɗan ba, ya haura mafi ƙarancin dala 76,515 a shekara da aka ƙayyade a Yulin 2025 da nisa. Maganar talla ce. An sa tallan neman ma'aikaci a wuri biyu. Ɗaya ya yi kwana 30. Ɗayan, wanda matar maigidan ta sa, ta rufe shi bayan kwana 19 saboda saƙonni sun yi mata yawa, kuma a cewarta ai sun riga sun san wanda suke so. Ejan ya haɗa hotunan ya tura bai ƙirga kwanakin ba. Shi ke nan. Kwana tara ne suka jefa ni cikin wannan halin.

Ɗan Maraɗi, Jidda:
Kwana tara! Ikon Allah. To ai wannan mai sauƙi ne, a sake sa tallan a kai wa kotun.

Likita, Kwinslan:
Da haka ne da an huta. Nan ne labarin Hajiya da na Baban Amira suka rabu.

Ita abin da aka tuhume su a kai, wato ko wurin aikin na da ƙarfin biyan albashi, abu ne da kotu ke dubawa a ranar da take yanke hukunci. In shekara biyu ta wuce kuma ana ta biyan albashin, lokacin da kansa ya zama shaida. Haka ma in an ce aikin ba na gaskiya ba ne, ko albashin bai kai na kasuwa ba, ana iya kawo sababbin takardu a gyara. Talla ba haka yake ba. Doka ta ce a yi shi kafin a shigar da nomineshan, cikin wata huɗun da suka gabaci ranar shigarwa, talla biyu, ana karɓar masu nema aƙalla sati huɗu. Abin da ya faru kafin ranar ya riga ya faru. Tallan da za a sa gobe ba zai koma baya ya cike kwana taran nan ba, kuma kotun tana ɗaure da dokar da ta ɗaure jami'in. Ba ta da ikon cewa ai kuskure ne ƙarami, a yafe.

Hanya ɗaya ce zan ce a duba: ko akwai wani talla na uku da aka sa a wancan lokacin wanda ya cika sharuɗɗa. Ka tambaya. In babu, ƙarar nan ba ta da ƙafar tsayawa.

Baban Amira, Perth:
Na tambaye ta. Babu.

Sarkin Gardama, Sidni:
Yanzu ku saurare ni, wannan karon ba maganar ƙarƙashin tebur zan yi ba. Wa ya ce ana kai ƙara don a ci kawai? Ana kaiwa don a samu lokaci. Hajiya, shekara nawa kika jira?

Maman Sadik, Melbon:
Biyu da wata uku.

Sarkin Gardama, Sidni:
Kun ji. Duk tsawon wannan lokacin mutum na kan bizar jiran hukunci, yana zaune bisa doka, yana aikinsa tunda 485 ɗinsa ba ta da takunkumin aiki. Cikin wannan lokacin ya tara maki ya nemi bizar ƙwararru ta 190 ko 491 ta hannun jiha. In ta fito ya janye ƙarar. Mutum mai mata da 'ya, saura masa sati goma, ku ce ya saki abin da ke hannunsa ya dogara da alkawarin maigidan da ko dalilin ƙin bai iya faɗa masa ba? Idan ya janye yau, gobe maigida ya ce ya fasa, ina zai dosa? Kwana 28 ɗin sun wuce, ba ƙara, ba biza, sai akwati.

Injiniya, Kalgoorlie:
A wannan karon ka yi magana, kuma tsoron da ka faɗa na gaskiya ne. Amma ka lissafa abin da zai biya don wannan lokacin. Kafin ya kai tasa ƙarar dole sai an ƙi bizarsa tukuna. Daga ranar, duk fom ɗin da zai cike a rayuwarsa, nan ko Kanada ko Ingila, in aka tambaya an taɓa hana ka biza, amsarsa e ce. Sannan sashe na 48 na dokar shige da fice ta 1958: wanda aka ƙi wa biza bayan shigowarsa ta ƙarshe, kuma ba ya riƙe da cikakkiyar biza, ba zai iya neman yawancin bizoji daga cikin ƙasa ba. Ranar da 485 ɗinsa ta mutu wannan ƙofar za ta rufe a kansa. Gaskiya ne tun Nuwambar 2021 an buɗe wa masu irin wannan matsalar bizojin 190 da 491 da 494, amma 482 ba ta ciki. Ko wani babban kamfani ya zo ya ce yana son sa, sai ya fita ƙasar. Ita kuma 190 ba kai ke ba kanka ba, gayyata ake jira, tana iya zuwa tana iya ƙin zuwa.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Hanyar zama na dindindin ta hannun kamfani tana buƙatar shekara biyu a kan 482. Zaman da zai yi yana jiran kotu bayan 485 ba ya shiga wannan lissafin. Wato zai biya kuɗi ya sayi shekara biyun da ba za su kai shi ko'ina ba, a kan ƙarar da kowa ya san ƙarshenta.

Maman Sadik, Melbon:
Bari in janye maganata ta farko, ƙanena, don ban san dalilin ba na yi ta. Kuma tunda Sarki ya sa ni a lissafi, bari in faɗi abin da ban faɗa ba game da shekara biyun nan.

Bizar jiran hukunci ta A ba ta da izinin fita da dawowa. In ka fita da ita, ta mutu. Sai ka nemi ta B tukuna, ka kawo dalili, a ba ka. Ina cikin wata na goma sha huɗu aka kira ni da asuba cewa Baba ya rasu a Gusau. Na san ba zan samu jana'iza ba ko da jirgi na bakin ƙofa, amma ina son in zauna da Inna ko na sati biyu. Na cike fom ina kuka, na rasa takardar da zan haɗa don a garinmu ba a saba karɓar shaidar rasuwa ba, sai da yayana ya yi ta zirga-zirga. Kafin komai ya kammala an yi addu'ar bakwai an watse. Ban da wannan, duk wata sai na kalli shugabar wurin aikinmu in ga ko fuskarta ta canza, don da sun janye ƙararsu ko sun rufe wurin, tawa ta rushe. Ba a neman sabon aiki da daɗin rai, ba a karɓar bashin gida. Ni na jure don ina da abin da zan ci nasara da shi. A ce in yi wannan zaman a kan ƙarar da na san faɗuwa za ta yi, wallahi ba zan yi ba.

Sarkin Gardama, Sidni:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min: in maigida ya juya baya fa?

Likita, Kwinslan:
Amsar tana cikin kwanakin da suka rage, Sarki. Yau saura goma sha shida. Ba yau zai janye ba, kuma ba a bakin maigida zai dogara ba. Sabon nomineshan yana buƙatar sabon talla na sati huɗu. Sa talla aikin rabin awa ne. Idan maigida da gaske yake, tallan zai hau cikin satin nan, a wuri biyu, da Turanci, da sunan aikin da ƙwarewar da ake nema da sunan kamfani, da albashi in dai bai kai dala 96,400 a shekara ba. Wannan shi ne alkawarin da ake gani da ido. In ya hau, Baban Amira ya janye neman bizar kafin wa'adin wasiƙarsa ya cika, ya ci gaba da zama a kan 485 ɗinsa da ke da rai, babu ƙi a tarihinsa. Sati huɗu su cika, a shigar da sabon nomineshan da sabuwar biza, da sauran kusan sati biyar a hannu. In kuwa sati ya wuce maigida yana ta gobe-gobe, to an gane inda aka dosa tun da sauran lokaci, sai a zauna da lauya a duba maganarka ko a nemi wani kamfanin.

Abu ɗaya kuma, tallan na gaske ne. In ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da ya cancanta ya nema, dole kamfanin ya duba shi da gaske, ya kuma rubuta dalilin da ya sa bai ɗauke shi ba. Wannan haɗarin yana nan, kada mu ɓoye masa.

Ni likitan mutane ne ba lauya ba. Ka kai shafi biyar ɗin nan wurin lauyan shige da fice ko ejan mai rajista, ba wanda ya yi na farkon ba. Duk ejan na halal yana da lambar rajista da ake kira MARN, ana duba ta kyauta a shafin OMARA, hukumar da ke yi musu rajista. Ka tambaye shi kuma batun neman a mayar maka da kuɗin bizar in ka janye saboda rashin nomineshan, fom 1424 ake cikewa.

Malam, Manchesta:
Shi wancan ejan ɗin haka zai ci bulus? Bai ƙirga kwana ba, sannan ya kwantar da wasiƙa kwana goma.

Injiniya, Kalgoorlie:
Ana kai ƙorafi OMARA, kuma ya cancanta. Amma ba yanzu ba. Fayil ɗin na hannunsa, a karɓo shi tukuna cikin lalama. Baban Amira, in za ka shiga wurin maigida kada ka shiga da maganar laifin wa. Matarsa ce ta rufe tallan, ya sani, shi ya sa ya ce maka matsalar takardu. Ka bar kaza cikin gashinta. Ka shiga da takarda ɗaya: ga ranar da bizata za ta ƙare, ga ranar da talla zai hau, ga ranar da za a shigar, ga kuɗin. Ka nuna masa cewa ƙara 3,580 ce da ba za ta dawo ba, sabon nema kuma ya ɗan fi haka amma yana da ƙarshe. Bature ɗan kasuwa lissafi yake ji.

Baban Amira, Perth:
Salam jama'a, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru. Na ga wata lauya ranar Litinin, na biya kuɗin ganawa daga aljihuna. Abin da Likita ya faɗa shi ta faɗa, har da maganar kwana tara. Na shiga wurin maigida da takarda ɗaya kamar yadda Yaya Injiniya ya ce. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce 4,800 sau biyu ya yi masa yawa, zai nemi shekara biyu a wannan karon, 2,400. Na kira lauyar a gabansa, ta ce shekara biyu ta isa a fara da ita. Ya ce kuma shi zai kira tsohon ejan da kansa, akwai maganar da za su yi.

Tallan ya hau jiya da ƙarfe huɗu, a wuri biyu. Lauyar ta ce in bari sai ta karɓi fayil ta duba komai kafin in janye, ta sa ranar Alhamis mai zuwa, kwana huɗu kafin wa'adin. Uwar Amira na gaishe ku, musamman Hajiya.

Sarkin Gardama, Sidni:
Ni dai har yanzu da ni ne sai na ga an biya 2,400 ɗin kafin in janye.

Likita, Kwinslan:
Ba a biyansa sai ranar shigarwa, Sarki, ranar kuwa tana bayan wa'adinsa. Wannan giɓin ba yadda za a yi da shi.

Maman Sadik, Melbon:
Ina amsawa. Ka ɗauki hoton tallan biyu yau, yadda kwanan wata zai fito, ka sake ɗauka ranar da suka cika sati huɗu. Kuma ka roƙi matar maigidan, cikin ladabi, kada ta taɓa komai sai kwana talatin da biyu sun wuce.

Baban Amira, Perth:
Ita da kanta ta manna takarda a jikin kwamfutarta ta rubuta ranar da jan biro. Mutum shida sun riga sun nema, ta ce biyu daga cikinsu a Perth suke.